Kunya da Dakali

Duk wanda ya taɓa tashi daga Funtuwa ya nufi Gusau a mota ya san Tsafe, ko da bai taɓa sauka ya sha ruwanta ba. In ka wuce 'Yankara ka fita daga ƙasar Katsina, ka biyo ta su Kucheri da Magazu, ba ka daɗewa sai ka hango duwatsu, sa'an nan ga garin. Daga nan zuwa Gusau bai kai tafiyar awa guda ba, ta gindin dutsen Kwatarkwashi a ke bi. Gari ne mai tsohon asali, gama sarautarsa ma daga 'Yandoto ta samo suna, tsohon birnin nan na malamai, shi ya sa har gobe a ke ce wa sarkin garin 'Yandoton Tsafe. A zamanin Turawa an ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta biyo ta nan, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ta riƙa kwasar gyaɗa da auduga. Da jirgi ya ja baya, sai kayan nan duka, har da waɗanda suka fi su, suka dawo bisa kwalta. Hanyar kuwa ba ta kewaye garin ba, ta cikinsa ta ratsa, ga tankokin mai, ga tireloli, ga motocin shanu, ga kuma ƙananan motocin haya masu tafiya sai ka ce kibiya ta bar baka.

A wata mararraba, inda wani layi ya fito daga cikin unguwa ya tarad da babbar hanyar, akwai teburin mai shayi. A bencin mai shayin nan wani dattijo ya ke wuni, 'yan unguwa suna ce masa Baba Direba. Ya fara karen mota ne a 1972, shekarar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma ta dama, don haka ya kan ce shi da hannun dama sa'o'in juna ne. Ya riƙe sitiyari shekara talatin da 'yan kai. Ya kai albasa Ikko, ya ɗauko goro har daga Kumasi, bai ajiye ba sai da ido ya fara yi masa gardama da dare.

A dukan shekarun nan ba abin da ya ƙi jini kamar tudun nan da mutanen gari ke yi a gicciye bisa kwalta don mota ta rage gudu. Shi kunya ya ke kiransa, don ya ce ba shi da maraba da kunyar dawa, sai dai ita ta gona abinci ta ke haifarwa, wannan kuwa karyayyen sifirin. Ya sha sauka da tsakar dare a garin da bai san kowa ba, yana haska ƙarƙashin mota da tocila, yana tsine wa wanda ya kawo shawarar. A ganinsa na lokacin, hanya ta mota ce, mai ƙafa baƙo ne a kanta, in zai tsallaka ya duba.

Yana da jika, ɗiyar babban ɗansa, 'yar shekara takwas, wadda ya ke yi wa wasa yana ce mata amarya. Gidansu yana wannan hannun na titi, makarantar Islamiyyarsu tana wancan. Ran nan bayan la'asar an taso su, yana zaune ya ɗaga kofin shayi ke nan, sai ya ji ƙarar taya bisa kwalta. Wanda ya tsufa cikin mota da kunne ya ke gani. Tun bai waiwaya ba ya san ƙarar nan ta yi tsawo, ya san mai motar ba zai tsaya inda ya ke so ya tsaya ba. Da ya waiwaya sai ya ga jakar littattafai a tsakiyar titi, ya gane ta.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ƙafar dama ce ta karye wuri biyu, aka ɗauke ta sai asibiti. Kafin a kai ga haka samari sun yi wa mai motar zobe, wasu har sun ɗauki duwatsu. Yaro ne matashi, bai gudu ba, ya durƙusa jikinsa na ɓari, yana cewa, “Baba, wallahi na gan ta. Tun daga can na gan ta, na taka birki, motar ce ta ƙi.” Abin da ya ba mutane mamaki, kakan yarinyar ne ya shiga tsakani, ya ware hannuwa ya ce kowa ya taɓa yaron nan shi ya taɓa. Ba don zuciyarsa ta yi sanyi ba ne. Maganar yaron ce ya gane, gama shi ma ya sha ganin abu tun daga nesa, ya taka, mota ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita a ke ba.

Da dare ya yi, 'yan unguwa suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Wannan ba shi ne karo na fari ba a mararrabar, an lissafa wata tsohuwa, da wani almajiri, da awaki ba adadi. Aka yi karo-karo, aka sayi siminti buhu uku, aka kwaso ɓaraguzan bulo da tsakuwa. Kafin kiran assalatu sun ja kunya daga wannan gefe zuwa wancan, tsayinta ya fi taƙi ɗaya na babban mutum, faɗinta bai kai taku ɗaya ba, ga ta a tsaye cak kamar dokin ƙofa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsine wa kunya, shi ne ya naɗe hannun riga ya kwaɓa simintin, yana cewa a ƙara mata tsayi.

Kwanakin farko abin ya yi daɗi. Mota ta zo a guje, ta yi turus, ta hau da ƙyar tana kankarar ciki. Yara suka riƙa tsallakawa ba fargaba, masu tallan awara da rake suka sami kasuwa, don ga fasinja an tsayar musu har ƙofa. Ba wanda ya tuna cewa kunyar ba fenti, ba allon gargaɗi, ba fitila, kuma kafin mako biyu ƙura da baƙin taya sun mai da ita launi ɗaya da kwalta. 'Yan gari sun san da ita. Baƙo fa?

Wani dare wani saurayi ya taso daga ƙauye bisa babur, ya goyo mahaifiyarsa da ciwo ya tasar wa, yana sauri ya kai ta asibiti. Fitilar babur ɗin ba ta da ƙarfi, ga kuma wata tirela ta taho ta kashe masa ido da nata hasken. Bai ga kome ba sai ji ya yi babur ya yi sama. Shi ya kuje a gwiwa da kafaɗa. Tsohuwar ta faɗi ta baya, kanta ya bugi kwalta, ba a kai Gusau da ita ba.

Baba Direba ya bi ayarin masu ta'aziyya har ƙauyen. Ba wanda ya ɗaga masa murya, kowa cewa ya ke kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙanta. Shi ma ya yi imani da haka, bai yi jayayya da ƙaddara ba. Amma da ya dawo gida sai ya kasa barci, yana duban tafin hannunsa inda siminti ya ci. An gudu gara an faɗa wa zago. Ga jikarsa kwance da ƙafa a ɗaure saboda babu kunya, ga uwar wani a kabari saboda akwai ta.

Tun ranar da aka buge yarinyar ya auna zanen da taya ta bari bisa kwalta, ya sami taku 45. Lissafin nan ya yi ta yi masa yawo a ka, har ran da ɗan ƙanwarsa, wanda ya yi karatun aikin hanya a Zariya, ya zo duba marar lafiya. Bayan an gaisa sai tsohon ya ja shi bakin titi, ya nuna masa kunyar, ya ce, “Kai da ka yi karatun abin, gaya mini gaskiya. Mu fasa ta, ko mu bar ta?”

Saurayin ya ce, “Kawu, kafin mu zo nan, bari mu fara da abin da ka fi ni sani. In mota tana kilomita 80 a awa, kafin ka ce ‘ɗaya’ ta ci mita 22. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta taka birki, wannan ya wuce. A littafin dokokin hanya na Ingila an yi lissafin ƙaramar mota mai lafiyayyen birki bisa busasshiyar kwalta. Mai kilomita 32 tana bukatar mita 12 kafin ta tsaya, mai 48 mita 23, mai 80 kuwa mita 53. Ka ga in gudu ya ninka biyu, nisan jan birki ba biyu ya ke ninkawa ba, huɗu ne. Wannan fa ƙaramar mota ke nan, ba tirela mai buhu ɗari shida ba.”

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce wannan ƙafarsa ta daɗe da saninsa, lambobin ne ba ta sani ba.

Abin da saurayin ya bayyana masa a ranar ya cancanci kowane mazaunin bakin titi ya ji shi. Jikin ɗan Adam yana da iyakar bugun da zai ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mota ta bugi mai tafiya a ƙasa tana kilomita 30 ko ƙasa da haka, mutum 9 cikin 10 su kan rayu, daga nan kuwa kowane ƙarin gudu rage rabon tsira ya ke yi. A rahotonta na 2023 ta ce wajen mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara. Mararraba ta fi ko'ina haɗari, domin nan ne mai miƙewa, da mai kwana, da mai babur, da mai ƙafa, da mai tura baro su ke neman wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Dokar hanya ta Nijeriya ta ce kada a wuce kilomita 50 a cikin gari, kuma tun 1988 akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra mai lura da wannan. Amma ma'aikaci ba ya kwana a titi, allo kuwa ba ya kama kowa. Saboda haka masana suka ga gara a gina hanyar yadda ita da kanta za ta sa direba ya ɗaga ƙafa. Ashe 'yan unguwa ba su yi kuskure a niyya ba. A siffa suka yi shi.

Abin da a ke ginawa a irin wannan wuri, in ji saurayin, ba siririn tudu ba ne mai tsini. Shimfiɗaɗɗe ne, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, watau kamar faɗin tafin hannu. Yana da gangare mai sauƙi na kamar mita 2 wajen hawa, da irinsa wajen sauka, tsakiyarsa kuwa a baje, mita 3 ko fiye, yadda ƙaramar mota za ta hau da ƙafafunta duka kafin ta fara sauka. Inda manyan motoci suka yi yawa a kan ƙara tsawon tsakiyar. Wanda ya zo da gudun hankali zai wuce ko shayinsa ba zai zube ba, wanda ya zo a guje zai ji a jikinsa, amma ba za a jefar da shi ba. A bisa bajajjen wurin nan a ke zana farin layin tsallakawa, ya zo daidai da gefen da mutane ke tafiya, don haka yaro in ya hau ya ɗan ƙara tsayi a idon direba, mai keken guragu kuma ba shi da abin haurawa. Wani lokaci ma mararrabar ɗungurungum a ke ɗagawa, kowace mota ta kowace fuska sai ta hau kafin ta shiga.

Baba Direba ya yi shiru, can ya ce, “To, ai wannan ba kunya ba ce, dakali ne.”

“Dakali ne, Kawu. Amma ba shi kaɗai ya ke aiki ba. Sai da allo tun daga nesa, da fenti mai ƙyalli, da fitila, da hanyar ruwa a gefe, in ba haka ba da damina sai ya zama madatsa, ruwa ya kwanta ya cinye kwaltar.”

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1906 wani gari a Amurka mai suna Chatham ya ɗaga wuraren tsallakawarsa inci 5 don ya ladabtar da masu motocin farko. A 1970 birnin Delft na ƙasar Holan ya gina irin nasa, a 1973 kuma masu binciken hanya na Ingila suka gwada siffofi iri iri, suka tsaya a kan mai tsawon mita 3.7 da tsayin santimita 10. Ingilishi ma har suna suka sa wa abin, wai ɗan sanda mai barci. Amma labarin da ya fi shiga kunnen tsohon shi ne na Suhum, wata mararraba a hanyar Ankara zuwa Kumasi, domin ya san ta sarai tun yana safarar goro, ya san yadda a ke kwasar mutane a wurin. Can ba ma dakali aka yi ba, 'yan ƙananan layuka ne jere masu sa mota gurnani da karkarwa, su farkar da direba tun bai iso ba. Da aka ƙidaya daga Janairun 2000 zuwa Afrilun 2001, sai aka ga haɗari ya ragu da wajen kashi 35 cikin 100, mutuwa kuwa da wajen kashi 55.

Kada a ce abin ba shi da aibu. Mace mai naƙuda a bayan mota ba ta gode wa ko wane irin tudu. Tanka mai cike da mai in ta taka birki kayan cikinta tunkuɗa ta su ke yi, kuma inda ƙananan motoci suka yi layi suna hawa, babbar mota mai mataccen birki tana iya zuwa ta murƙushe su ta baya. Shi ya sa babbar hanya irin ta Tsafe ba a yi mata abin nan da ka, sai an auna. Akwai kuma wata magana wadda ba ta cikin littafin Holan ko na Ingila. Da tsohon ya kai zancen tasha, wani direban Gusau ya ce masa, “Baba, ka bar mota da sauran zaman lafiya. Yanzu tsakanin 'Yankara da nan kowa ransa a hannu ya ke tafe. Inda mota ta rage gudu, nan a ke tare ta. Ka ce mu tsaya?”

Wannan ba ƙarya ba ce. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare hanyar nan suna kwasar matafiya, direba kuwa in ya tsere wa daji da ƙafa a kan totur, ba nan da nan ƙafar ke sauka ba don ya ga gidaje. Gaba kura, baya siyaki. Amsar da tsohon ya bayar ita ce, wanda ya sa tudu a daji ko a bakin gari inda ba kowa, ya yi wa ɓarawo aiki, a fasa shi. Amma tsakiyar gari, gaban makaranta da bakin kasuwa, nan ba ɗan bindiga ne abin tsoro ba, direban ne da kansa. Wasu suka yarda, wasu suka ce tsufa ne.

Saura maganar izni. Hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce, ba ta unguwa ba, ko da 'ya'yan unguwa ne ke mutuwa a kanta. A ƙarshen 2024 Ministan Ayyuka, David Umahi, ya ba da umurni a kawar da tudun da aka yi barkatai a manyan hanyoyin tarayya, ya ce inda a ke bukata a nema a rubuce, a yi shi bisa ƙa'ida. Saurayin ya zana musu dakalin a takarda, da awonsa, da inda allo zai tsaya. Aka rubuta takardar roƙo, mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, shugaban 'yan acaba ya sa, har da direbobi biyu daga tasha. Baba Direba ya sa babbar rigarsa ya raka ta da kansa, aka karɓa, aka ce za a duba.

Kafin a duba ɗin, sai suka koma wa kunyarsu da guduma. Suka sassare mata tsini har ta dawo faɗin tafin hannu, suka yi mata gangare gaba da baya gwargwadon simintin da aljihu ya iya saye. Ba ta zama dakali ba, amma ta bar zama dokin ƙofa. Wani mai walda ya ba da guntun kwano, aka rubuta gargaɗi aka kafa taku ɗari kafin wurin ta kowace fuska, mai shayi kuma ya yarda ya juya ƙwan fitilarsa ya fuskanci titi. Saurayin nan na ƙauye ya kan biyo ta wurin ranar kasuwa. Ya kan rage gudu, ya ɗaga wa tsohon hannu, tsohon ya amsa, ba su taɓa tada maganar ba.

Fenti ne ba ya jimrewa. Ruwa biyu uku, taya dubu, sai ya dushe. Don haka duk bayan 'yan makonni, da sassafe kafin motocin Funtuwa su fara isowa, a kan ga dattijon durƙushe a tsakiyar titi da buroshi, ya sa yaro ya tsaya can gaba da jan ƙyalle. Yarinyar ta warke, sai ɗan ɗingishi da ba ya fitowa sosai sai ta gaji. Ita ke riƙe masa gwangwanin. Ran nan suna cikin aikin sai ga wata tirela ta taho daga wajen Magazu. Bai ɗaga kai ba, ya dai tsai da buroshin yana saurare, ya ji direban ya sauke giya ɗaya, ya sake sauke wata tun bai kai allon ba. Ya ce, “Amarya, matso da fentin, wannan ya gan mu.”